Gayyar da Na Kira a Lambun Ummi

Na manta abubuwa da yawa tun zuwana Landan, har da sunayen wasu 'yan ajinmu na firamare, amma ba zan taɓa mantawa ba da safiyar Asabar ɗin da na tsaya cikin babbar riga a bayan wani zauren taro a unguwar Abbey Wood, ina murmushi ina jiran yabo, alhali da hannuna na gama rushe aikin 'yata.

Bari in fara gaya muku ko ni wane irin mutum ne. Ni mai fargaba ne. In na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta. In jirgi zai tashi da yamma, da hantsi ina filin jirgi. Takardar council kuwa, wato ƙaramar hukuma, ko ta kwasar shara ce, sai na sa an karanta mini ita an maimaita (matata tana cewa ko gida ne ya kama da wuta sai na koma na duba ko an kashe fitilar bayi). Karatuna a firamare ya tsaya. Daga nan gona, daga gona sai tuƙi, tuƙin ne ya kawo ni ƙasar nan tare da wani maigidana ma'aikacin gwamnati. Da ya koma gida ni na zauna. Yanzu ni ne shugaban masu share wasu ofisoshi a cikin gari, kuma ba yabon kai ba, wurin da na goge ƙuda ma in ya sauka sai ya zame.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Ummi. A nan aka haife ta. Tun tana ƙarama uwarta ta sa ta cikin 'yan sikawut, wai don ta rabu da talabijin. Ni da farko ban so ba. Yarinya ta kwana a tanti a daji? Na yi wa shugabansu tambayoyi har ya haddace su. Mista Colin sunansa, wani dattijon Bature mai yawo da gajeren wando ko da hunturu. Da ya hango ni, tun kafin in buɗe baki yake cewa e, akwai mata cikin masu kula da su, e, abincin halal ne, a'a, babu macizai.

A ƙungiyar tasu akwai wata lambar yabo da ta fi kowacce girma, kuma daɗewa ba ta sa a ba ka ita. Sai ka kwana a tanti darare da yawa, ka koyi wata fasaha, ka yi tafiyar ƙafa ta kwanaki cikin duwatsu da kayanka a baya. Sannan babban sharaɗin: ka tsara wani aiki na taimakon jama'a. Kai za ka ƙirƙiro shi, kai za ka nemi izini, kai za ka tara mutane ka jagorance su, daga ƙarshe a zo a duba a sa hannu. Ummi tana so ta gama kafin ta tafi jami'a a watan Satumba, domin jami'ar tana da nisa, in ta tafi babu mai riƙe mata aikin. Shekarunta na ƙuruciya duk a kan lambar nan suka tafi.

Sharuɗɗan nan na fi ta sanin su. Ni ke tuna mata ranar kaza za a yi kaza. Abu ɗaya ne ban taɓa tambaya ba. Ranar da ta yi mana bayanin aikin muna cin tuwo, da Turancinta mai gudu kamar jirgin ƙarƙashin ƙasa, na dai fahimci lambu za ta yi, a wani fili na council, don tsofaffin da ke zaune a benen da ke kusa. Sai na gyaɗa kai na ci gaba da cin tuwona. Ni ɗan manomi, jikan manomi, in an ce lambu me ya rage a yi mini bayani?

Ta sha wahala kafin a ba ta filin. Ta je taro, an yi cancel, ta sake komawa, ta zauna da tsofaffin ta ji abin da suke so. Tun farkon bazara ita da ƙananan 'yan sikawut suke zuwa aiki duk ƙarshen mako. Ni ban taɓa zuwa ba, don ina aiki ranar Asabar. Ita ma ba ta taɓa matsa mini in zo ba (yanzu na gane dalili).

A watan Yuli tafiyar duwatsu ta zo, can ƙasar Wales, inda ake karɓe musu waya. Ranar Juma'a za ta dawo, washegari da safe Mista Colin zai zo duba lambu. Da za ta tafi ta miƙo mini makullin filin.

"Baba, ruwa kawai. Just water. Kada ka taɓa komai."

Na ce, "Ummi, tun ban kai tsawon ƙotar fartanya ba nake ban ruwa. Je ki abinki."

Ranar Litinin da yamma na buɗe ƙofar filin, gabana ya yanke ya faɗi.

Ciyawa ce har ƙugu. 'Yan furanni ja da shuɗi da rawaya sun fito ta ko'ina, babu layi babu tsari, kamar an watsa wa kaji tsaba. A kusurwa guda ga wata ciyawa mai ƙaiƙayi da suke kira nettle, ta yi kumari abinta. Can gefe an tara ruɓaɓɓun itatuwa da busassun ganyaye. Ga wani tsohon baho an binne shi a ƙasa, ruwan ciki ya yi kore shar. A ƙasan shingen katako kuma ga rami, wanda kyanwa ma za ta iya ratsawa. A garinmu, wanda gonarsa ta zama haka ba ya iya zama a majalisa, kuma in ya je neman aure sai an tuna masa.

Nan take na gane komai, ko in ce na ɗauka na gane. Jarrabawa ta sha kan yarinyar nan, aiki ya fi ƙarfinta, tana jin nauyin gaya mini. Wannan "kada ka taɓa komai" ɗin ma kara ce irin ta ɗa da mahaifi, ba ta son in wahala. Kuma ranar Asabar Bature zai zo ya ga wannan juji, ya ce 'yar Bahaushe ba ta san lambu ba.

Da na gaya wa matata abin da na yi niyya, ta aje ludayi ta dube ni.

"Baban Ummi, yarinyar nan fa cewa ta yi ruwa kawai."

"Ke ba ki ga wurin ba ne."

"To ka kira Mista Colin ka tambaye shi mana."

"In tona wa 'yata asiri a gaban wanda zai sa mata hannu? Ina hankalinki?"

Ta ce, "Nawa yana nan. Naka nake nema."

Duk da haka ta jiƙa shinkafar waina, don ta san ba a kiran mutane aiki a bar su da yunwa.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, saboda haka na yi abin da ubana zai yi: na kira gayya. Ranar Juma'a bayan an idar da salla a masallacin Regent's Park na tsaya a wurin takalma, inda babu Bahaushen da zai wuce ni. Na samu Dakta Sani, Bakatsine, likitan ƙashi, wanda ya ce rabonsa da fartanya tun yana sakandare amma jini ba ya mantuwa. Na samu Alhaji Isaka, mutumin Kumashi, mai babbar motar ɗaukar kaya. Shi ko bayani bai tsaya ji ba, ya buga ƙirji ya ce, "Yarinyan mu ne, ba za mu bari ya ji kunya ba." (Mutanen Kumashi ba ruwansu da mace ko namiji a magana, kowa ɗaya ne.) Sai wasu ɗalibai samari, waɗanda da suka ji an ambaci waina suka ce su ma manoma ne.

Ina da fartanya ta gaske, ƙirar maƙeran garinmu, wadda na ɗauko a akwati shekarun baya ba tare da na san ranar amfaninta ba. Rannan na ce ga ranarta ta zo.

Jama'a, mun yi aiki! Lokacin zafi ne, rana ba ta faɗuwa da wuri, muka samu yini guda bayan la'asar. Ni a gaba, ɗalibai a baya suna cusa ciyawa cikin korayen buhunan council. Dakta ya naɗe ƙafar wando yana ba da labarin gonar kakansa, hannunsa ya yi bororo yana nuna wa kowa kamar lambar girma. Alhaji Isaka ya loda ruɓaɓɓun itatuwan nan a mota don ya kai juji. Muka tono baho muka kifar, kwaɗi suka yi ta tsalle muna dariya. Ramin shinge na sa katako na buga masa ƙusa da kaina, na girgiza shi na tabbatar ko ɓera ba zai wuce ba. Muka bi ƙasa da manjagara, na bi bayanta da tsintsiya har sai da zanen shara ya fito. Daga ƙarshe, don aiki ya yi kyan gani, muka jera duwatsu a gefe muka shafe su da farin fenti, kamar ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma ranar da gwamna zai zo.

Muna cikin aiki na lura da wata tsohuwar Baturiya a tagar bene, tana buga gilashi tana ɗaga hannu biyu. Na ɗaga mata nawa. Ta ƙara bugawa da ƙarfi. Na cire hula na kaɗa mata. Dakta ya ce, "Ka gani ko, Malam? Har masu ƙasa sun yaba." Na zuba waina a faranti na aiki ɗalibi ya kai mata, ya dawo ya ce ƙofar benen sai da lambar sirri. Muka ce Allah sarki, ba rabonta ba ce, ɗaliban suka cinye.

Da dare Ummi ta dawo a gajiye, ƙafafu a kumbure, ta tambaye ni ko na ba lambu ruwa. Na ce har da ƙari. Ban faɗa mata komai ba, ina so ta gani da idonta.

Da safe na ɗauki hutu a wurin aiki, na sa babbar rigata ta Sallah, na gayyato 'yan gayya su zo su ga sakamakon guminsu. Mun tarar da Mista Colin a bakin ƙofa da gajeren wandonsa, ƙananan 'yan sikawut kewaye da shi, kowanne riƙe da ɗan madubin ƙara girman abu (na ɗauka tsafta za su duba da shi, har na ji daɗi). An gangaro da tsofaffi, cikinsu har da tsohuwar taga a kan kujera mai taya. Misis Doreen ake kiranta. Na gaishe ta da fara'a, ta kalle ni kamar na ci mata akuya.

Na wuce gaba, na sa makulli, na wangale ƙofa, na ware hannun riga. Har ɗan jawabi na shirya da Turanci.

"Welcome, welcome! Everything clean!"

Alhaji Isaka ya fara tafi. Shi kaɗai. Tafin ya yi ta raguwa har ya mutu a hannunsa.

Babu wanda ya shiga. Mista Colin ya cire tabarau ya goge ya mayar. Misis Doreen ce ta fara magana. Turancin tsofaffi a hankali yake, don haka na ji komai. Tambaya take ina gidan bushiyarta, kuma wane mugu ne ya toshe mata ƙofa.

Na juya wajen Ummi. Yarinyar nan in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ba ta yin Hausa sai ranta ya kai maƙura. Rannan Hausa ta yi mini, tsantsa, kamar a Gwarzo aka haife ta.

"Baba, me ka yi?"

"Gyara miki na yi, Ummi. Ciyawa ce ta cinye lambun."

"Baba, ciyawar ita ce lambun."

A gaban Bature, a gaban likita, a gaban yara, ta yi mini bayanin da ta riga ta yi mini a kan tuwo. Tsofaffin nan yawancinsu a karkara suka tashi, yanzu ba sa iya zuwa ko'ina. Da ta tambaye su abin da suke so, ba su ce kabeji ko tumatir ba, cewa suka yi suna so su leƙo ta taga su ga daji irin na yarintarsu. Furannin da na ce an watsa wa kaji, ita ta nemo irinsu ta shuka da hannunta don ƙudan zuma. Nettle ɗin, a kanta malam-buɗe-littafi yake yin ƙwai. Ruɓaɓɓun itatuwan gidan ƙwari ne da bushiya. Bahon na kwaɗi ne. Ramin shingen kuwa sai da ta nemi izinin maƙwabta kafin ta huda shi, don bushiya ta riƙa shigowa, kuma ta fara shigowa, Misis Doreen har suna ta sa mata. Yaran nan da madubansu ƙwari suka zo dubawa.

Ƙwari! Ni da nake shugabantar mutane a kan kashe su.

Mista Colin ya tambaya a hankali, wa da wa suka yi aikin. Na waiwaya don in ga rundunata. Ɗalibai sun koma bayan yara sun tsaya. Alhaji Isaka yana duba tayar motarsa. Dakta Sani ya sa hannun nan mai bororo a aljihu ya ce, "Ni dai likita ne, kira na aka yi."

Na so ƙasar da na share ta tsage in shige, amma na share ta da kyau, ko tsaga babu. Na matsa kusa da Mista Colin na haɗa duk Turancin da na mallaka. Na ce laifina ne ni kaɗai, yarinya ta ce ruwa kawai, in akwai hukunci a yi mini, kada a taɓa lambarta. Ya ce ya ji, ya kuma san abin da ke wurin a da, amma ba zai iya sa hannu a kan lambun da babu shi ba. Sai ya dubi Ummi ya ce aikinta ne, ita za ta faɗi abin da za a yi.

Ta tafi jikin shinge ta ba mu baya. Na ga kafaɗunta suna motsi. Wallahi da mari aka yi mini a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi. Can sai ta share fuska, ta gyara ƙyallen wuyanta na sikawut, ta dawo.

"Ina buhunan?"

Na ce suna bayan zaure, masu kwasa ba sa zuwa sai farkon mako.

"Kawu Isaka, itatuwan fa?"

"Yana cikin mota, Hajiya. Jiya jujin ya rufe kafin in kai."

"To a sauke. Kawu Dakta, don Allah a cire agogo. Ku kuma," ta nuna ɗaliban, "ku da kuka ci waina, baho zai koma raminsa."

Ta raba mu kashi-kashi, kowane babba ta haɗa shi da yaro mai nuna masa abin yi. Furannin da suka riga suka yi iri ta ce a baza su a ƙasa, irin ya zube. Waɗanda fartanya ta tumɓuko da saiwa ta ce a mayar a danne a ba su ruwa. Katakon da na buga, ni ta sa na ɓamɓare, Misis Doreen tana zaune a kaina tana kallo har ƙusa ta ƙarshe. Sannan Ummi ta jawo wani buhu ta aje a gabana, ta miƙo mini safar hannu.

"Baba, wannan naka ne."

Nettle ce.

Haka na durƙusa cikin babbar rigar Sallah, ni ɗan manomi jikan manomi, ina haƙa rami ina dasa ciyawa mai ƙaiƙayi ɗaya bayan ɗaya, ina ba ta ruwa, har ina yi mata addu'ar Allah ya raya. Wani ɗan albarka cikin ɗaliban ya ɗauki bidiyo. Kafin la'asar ya isa garinmu. Yayana ya aiko da saƙon murya, dariya ta hana shi magana sosai: "Ashe abin da ya zaunar da kai Ingila ke nan? In kasuwar ciyawa ta buɗe ka gaya mana, gonata cike take."

Daga ranar har ƙarshen hutu, duk Asabar gayya tana haɗuwa (ni ma sai da na sauya ranar aikina), amma ba ni ke kira ba. Ummi ke faɗin wanda zai zo da abin da zai yi, kuma in ka makara za ka ji a waya. Ruwan Landan da kullum nake zagi, a bana na gode masa. Ba duk furannin suka dawo ba, wasu sai baɗi, amma wuri ya yi kore, kwaɗi suka koma bahonsu, nettle ɗina kuwa ta fi kowa kamawa (na faɗa muku, in na yi aiki ina yin sa da kyau). A farkon Satumba Mista Colin ya dawo, ya zagaya, yara suka duba ƙwarinsu, ya sa hannu. Ya ce ya ga matasa da yawa sun jagoranci yara, amma bai taɓa ganin wadda ta jagoranci likita da mai mota da ubanta a lokaci guda ba. Duwatsun farin fenti ta sa an kwashe, sai layi ɗaya da ta bari a bakin ƙofa. Na tambaye ta dalili, ta ce don in riƙa tunawa.

Misis Doreen ce ba ta huce ba. In na gaishe ta sai ta kalli ramin shinge, ta kalle ni.

Bayan Ummi ta tafi jami'a da lambarta, makullin a hannuna ta bar shi, da sharaɗin da kuka sani. Wata yamma ina ban ruwa sai na ji ana buga gilashi daga sama da ƙarfi. Ban tsaya tunani ba, na saki bokiti na ɗaga hannu biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare. Na ɗaga kai a tsorace. Tsohuwar ce, amma dariya take, tana nuna mini ƙasan shinge da yatsa. Ga bushiya tana shigowa a hankali, ta bi ta gefen takalmina ko kallona ba ta yi ba, ta shige cikin ruɓaɓɓun itatuwa. Ranar Juma'ar da ta biyo na kai wa Misis Doreen wainarta, da hannuna, ta kuma ci.

Abin da na koya ba shi da yawa. In Baturiya tana buga taga, ba lalle gaisuwa take ba. In ɗanka ya ce kada ka taɓa, to ba kara yake yi maka ba, ya san halinka ne. Har yanzu in na wuce lambun nan hannuna yana ƙaiƙayi, ba don nettle ba, don dai ciyawar tana kallona ina kallonta. Sai in sa shi a aljihu in wuce. Fartanyar kuwa matata ta ɓoye ta, kuma ta ce ba za ta faɗi inda take ba sai ranar da muka koma gida.